Tabon Fataw

Morrisania, Bronx
Watan Oktoba

Yaya Nimatu,

Ina sanar da ke, da sauran zuri'ar mahaifinmu da ke Aboabo, da duk wanda abin ya shafa a Kumasi da kewaye, cewa ƙaninki Rufa'i ya sayi tabarau. An gwada idanuna, an same su da laifin tsufa, an yanke musu hukunci. Na duba madubi na ga fuskar hedimastan makarantarmu na da, har na gyara tsayuwa. Kada a tara jama'a, kada a yanka komai, addu'a ta wadatar.

Bayan haka ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Tunda kunnen nan ya sa in na kira ki a waya ina tambayar mutanen gida kina ba ni labarin tsadar shinkafa, na koma takarda kamar zamanin da. Mu nan lafiya, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Ga abin da ya zaunar da ni. Maganar ɗanki Fataw ce, wanda kunyar ɗan fari ta hana ki kiran sunansa tun ranar da aka raɗa masa shi. Ofishin tsofaffin sojoji ya amsa mana, kuma amsar ba daɗi. Kin san ƙunar da ya samu yana aikin sojan Amurka a waje, ranar da janareton sansaninsu ya kama wuta yana cikin gyaransa. Tabon ya taso daga hammatar hagu ya sauka har ƙarshen haƙarƙari. A nan, sojan da ya fito da rauni ana ba shi tallafi duk wata, in har raunin yana damunsa. Muka nema. Suka tura mu wurin likita, ya auna tabon kamar tela zai ɗinka riga, ya yi tambayoyinsa. Yanzu sun rubuto cewa sun yarda akwai tabo, amma ba ya ciwo, ba ya tsagewa, ba ya hana aiki, saboda haka babu tallafi.

A shagon da yake lodin kaya kuwa an rage masa ranaku, don hannun ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Matarsa Rafia ce ta faɗa mini. Ita kaɗai ke fita kullum yanzu, aikin kula da tsofaffi, ga 'yarsu Nadia ƙarama, ga haya. In ba a sauya hukuncin nan ba, ko dai ya ci gaba da ɗaga kwalaye da wannan haƙarƙarin, ko su bar gidan.

Ana iya ɗaukaka ƙara, kuma na gano inda matsalar take. Gadin da nake yi a wani gini a Manhattan biyana ake yi in zauna, ni kuwa in na zauna sai karatu. Na karanta dokokinsu har sun fara zuwa mini a mafarki. A ƙasan rahoton likitan ya ce ya ga wasu ƙananan tabo a jere a haƙarƙarin, tsofaffi, waɗanda suka riga aikin soja. Yaya, tsagar Sumani wanzami ce, wadda aka yi masa yana yaro. Mutumin ya ga tsaga a gefen ƙuna ya ce a ransa, wannan dama can a yanke ya zo mana.

Don haka ina so ki rubuta shaida: yaushe aka yi tsagar, saboda me, wa ya sa aka yi, kuma ya warke sarai bayanta. Ki kai kotu a buga hatimi ki aiko da wuri, domin ƙarar tana da wa'adi.

Ƙaninki,
Rufa'i

Aboabo, Kumasi
Watan Nuwamba

Malam Rufa'i mai karatu,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka san shi. Allah ya sanya alheri a tabarau, ya sa ka riƙa ganin abin da kake rubutawa.

Na karanta takardarka na ajiye, na yi sallah, na sake karantawa. Wato ni ce na hana yaron nan haƙƙinsa. Ni zan je kotu in tsaya gaban mutane in rantse cewa ni na sa aka yanka shi. Kana ina lokacin? Kana makarantar kwana kana haddace Turanci. Jikinsa kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙyar, mun je asibiti sun ce mu dawo gobe. Iya ce ta ce a kira Sumani, ni na riƙe ƙafafunsa. Da ban yi ba da yau ba ka da wanda za ka kai gaban likita. In Turawa suna so su ɗaure wani a kan wannan, ka ba su adireshina, gidan bai tashi daga inda yake ba.

Kuma na ga kana ta rubuta muka nema, suka tura mu, sun amsa mana. Ban san kai ma ka yi sojan ba.

Ban tambaye ka dokoki ba. Abin da nake so in ji ba ka faɗa ba. Yana cin abinci? Yana barci? In ya kira ni gaisuwa ce kawai, ya ce lafiya lau, ni ma in ce lafiya lau, sai ya miƙa wa matarsa. Ka san ba zan iya buɗe baki in tambaye shi jikinsa ba. Kai na ba wa shi tun yana ɗan saurayi, kai ne idona a can. Ka dube shi da kyau ka faɗa mini abin da ka gani, ba abin da ka karanta ba.

Ka gai da Rafia, ka shafa mini kan Nadia.

Yayarka,
Nimatu

Morrisania, Bronx
Ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa da hula a hannu. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, in ban da kunnena da ya yi zafi tun da na buɗe takardarki.

Ba wanda zai ɗaure ki. Amurka tana da mutanen ɗaurewa da yawa, layi bai zo kanki ba. Kotun nan da na ce ki je, hatimi kawai za su buga cewa ke kika rubuta da hannunki. Ban ce kin yi laifi ba. Ni ma akwai aikin Sumani a bayana, kuma har yau ban kai ƙara ba. So nake kawai a raba musu tabon gida da tabon soja, kada su haɗa su a kwano ɗaya.

An shigar da ƙarar. Wata mata ce ta taimaka, Madam Filomina, 'yar Jos, tana aiki da wata ƙungiya mai tsaya wa tsofaffin sojoji, ofishinsu na kusa da 125th Street. Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Ta nemi a sake duba Fataw wurin wani likita, kuma an amince, sai dai ba a sa rana ba. Na buɗe mata bayanina na tsaga dalla-dalla. Ta saurara da haƙuri irin na mai jiran ruwan sama ya ɗauke, sannan ta ce in kawo shaidar ba laifi, amma ita a ganinta ba tsagar ce ta kayar da mu ba, abin da Fataw ya faɗa da bakinsa ne. Mace ce mai kirki, amma ba ta karanta abin da na karanta ba.

Abin da ya faɗa kuwa ina wurin, don ni na raka shi har cikin ɗakin, na zauna a kujerar gefe da fayil a cinyata. Ya cire riga. Likita ya danna tabon ya tambaye shi ko da ciwo. Ya ce a'a, ya gode wa Allah. Ya tambaye shi ko fatar tana fashewa, ya ce ba sosai ba. Ya tambaye shi barci, ya ce yana yi. Wallahi a lokacin har alfahari na ji, na ce ga tarbiyyar gidanmu a gaban baƙo, ba raki, ba ƙorafi.

Yanzu duk Lahadi in sun zo cin abinci ina koya masa. Ni ne likita, shi ne marar lafiya. In tambaye shi ko da ciwo, ya yi murmushi ya ce, "To, Kawu." In ce ba to za ka ce ba, ka ce da ciwo, ka ɗan yamutsa fuska. Ya ce, "To, Kawu." Rafia tana kicin tana jin mu, sai ƙarar tukwane ta ƙaru. Na fara tunanin wataƙila ciwon bai kai yadda muke tsoro ba, shi ya sa shaidarki ce makaminmu.

Kin ce in faɗi abin da na gani. Ya rame. Yana cin abinci, amma da hannun dama kaɗai yake komai, na hagun yana manne da jikinsa kamar ya ɓoye wani abu a hammata. Riga biyu yake sawa ko a cikin ɗaki mai ɗumi. Ranar nan Nadia ta ruga ta ɗaga masa hannu ya ɗauke ta, sai ya durƙusa ya rungume ta a ƙasa. Ban san me zan yi da waɗannan ba, ba su cikin dokokin da na karanta. Ki aiko da takardar, don Allah.

Ƙaninki,
Rufa'i

Aboabo, Kumasi
Watan Disamba

Rufa'i,

Lafiya muke, ina fata ku ma haka. Na haƙura. Na je kotun, sun buga hatimin, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube ni. Ga ta nan na haɗo da wannan.

Da na zauna rubuta ta sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya, har da abin da ban sa a ciki ba. Lokacin da Sumani ya ɗora aska yaron nan ya yi ta ihu, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Yana kiran sunana, yana cewa da zafi, yana nuna mini wurin. Ana cikin haka babansa, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi tsawa ba, tsayawa kawai ya yi. Yaron nan ya haɗiye kukan. Sumani ya ƙarasa aikinsa ba a sake jin ko tari ba, sai hawaye. Baban ya ce masa da zafi? Ya girgiza kai. Kowa ya yi ta cewa namiji, namiji. Ni ce na kwana da shi, ni na san yadda ya kwana.

Kai ne ubansa yanzu. Kai ka ɗauke shi, kai ka ci da shi, a ɗakinka ya girma. Sai ka je ka zauna a kujera kana kallonsa tsirara daga wuya zuwa cibiya, kana jira ya ce wa baƙo yana jin ciwo. Ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Ba likitan yake ba amsa ba, kai yake ba.

In an sa ranar, kada ka shiga ɗakin. Kada ma ka zauna inda zai hango ka. Ka bar matarsa ta shiga, ita ce ke wanke rigunansa. Kuma ka daina wasan likitan nan na Lahadi, kana wahalar da shi.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi. Wannan na roƙa.

Yayarka,
Nimatu

Morrisania, Bronx
Watan Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fata lafiya ce ta sa shiru, don na rubuto miki tun kafin sabuwar shekara ban ji komai ba. Na tambayi masu zuwa daga gida a masallaci, sun ce an gan ki a kasuwa kina ciniki da ƙarfinki. To alhamdulillahi, ashe da ni kaɗai ake fushi.

Bari in maimaita abin da na faɗa a waccan, ko ta ɓata a hanya. Labarin ya taɓa ni, amma yaro ne a lokacin. Yanzu mutum ne da ya riƙe bindiga, ya ga abin da ni da ke ba mu gani ba. A ce yana jin kunyar wani tsohon maigadi mai tumbi, ban yarda ba. Kuma ba ki san ɗakunan nan ba. Likita yana da mutane a layi, yana tambaya yana kallon kwamfuta, in ba wanda zai ce dakata, ga shaida, ga doka, sai a sallame ka kafin ka gama zama. Rafia yarinya ce mai hankali, amma a gaban hukuma muryarta ba ta fita. In na zauna a waje aka sake kayar da shi, da wane ido zan dube ki?

An sa ranar, farkon watan gobe. Madam Filomina ta ce in wannan dubawar ta fito kamar ta farko, hanyar da ta rage doguwa ce, ana iya shekaru a kanta. Su kuwa ba su da shekaru. Shagon sun cire sunansa daga jerin masu aiki bayan hidimar ƙarshen shekara, sun ce za su kira shi. Rafia ta ƙara aikin Asabar. Makon jiya ba su zo cin abinci ba, ta ce yana mura. Na je da kaina, ya fito falo ya gaishe ni a tsaye, ya ƙi zama, gumi a goshinsa alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Na daina wasan likitan, wannan na ba ki. Amma ɗakin zan shiga. Na jera takardun, taki ce a sama. Ki amsa mini ko da zagi ne, shirun nan ya fi damuna.

Ƙaninki,
Rufa'i

Morrisania, Bronx
Watan Afrilu

Yaya Nimatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafa da kunne suna ba ki haɗin kai. Mu nan sanyi ya tafi, kowa lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, da farko don ban san me zan ce ba, daga baya don ina jiran hukunci.

Ranar dubawar na sa babbar riga, na ɗauki fayil, muka shiga jirgin ƙasa mu huɗu, don Rafia ta ce ba ta sami mai riƙe mata Nadia ba. Na yi mamaki, gininsu cike yake da matan gida masu son yarinyar. Muna zaune a wurin likita aka kira sunan Fataw. Na miƙe. Kafin in gyara hula Rafia ta ɗora mini yarinyar a ƙirji, ta zare fayil ɗin daga hammatata, ta rusuna ta ce, "Kawu, a taimaka a riƙe mini ita, ba a shiga da yara." Ƙofa ta rufe. Daga baya na ji cewa kin yi ta aiko mata da saƙon murya tun Disamba. Na manta kunne ne ya samu matsala, bakin yana nan lafiya.

Na zauna da Nadia tana jan gemuna tana ba ni labari da Turanci, ni ina amsawa da Hausa, idona a kan ƙofa. Waccan karon kafin in gama gyara zama an sallame mu. Wannan karon mutanen da suka zo bayanmu suka shiga wasu ɗakuna suka fito suka tafi, tamu ƙofar ba ta motsa ba. Da suka fito idanun Fataw sun yi ja. Bai dube ni ba, ya ce zai je ya sha iska, ya yi gaba.

Na tambayi Rafia. Sai da na sake tambaya ta faɗa mini tana kallon ƙasa. Ta ce da likitan ya danna sai Fataw ya ce da ciwo, daga nan kuma kamar an buɗe famfo. Fatar tana tsagewa duk lokacin sanyi, ita ke wankewa ta sa bandeji. Riga ta biyun saboda jini ce, kada ya fito a gani. A zaune yake barci, jingine da bango, tun da ya dawo. In ruwan wanka ya taɓa wurin sai ya dafa bango. Duk Lahadi kafin su hau benena yakan tsaya a ƙasa ya haɗiyi maganin ciwo, don ya iya zama a gabana ya gama cin abinci. Likitan ya ga wurin da ya tsage da idonsa, ya sa shi ya ɗaga hannu ya ga inda ya tsaya, ya rubuta komai.

Na ce tsagar Sumani fa? Ta ce ya tambaya, Fataw ya ce maganin gida ne na yarinta, likitan ya ce to, ya wuce. Takardarki mai hatimi tana nan a saman fayil, ba wanda ya nemi ya karanta.

Jiya hukuncin ya zo. Sun amince tabon yana ciwo, yana tsagewa, yana hana hannun aiki. Za a fara ba shi tallafin, an kuma tura shi wurin masu gashin jiki da likitan fata. Ba za su bar gidan ba. Madam Filomina ta kira ta yi murna, kuma ta yi mini kirki ba ta tuna mini komai ba.

Yaron nan yana zuwa gidana duk mako, yana zama a gabana, ban sani ba. Na ɗauka rakiya na yi masa ranar farko, ashe bakinsa na je na toshe. Ke kika yi daidai, Yaya. Ni na yi kuskure.

Ƙaninki,
Rufa'i